Shekarun Borin Jini da Cikin da Ya Kwanta

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwanaki har na goya 'ya'yan jikokina. Ban iya rubutu ba. Jikata Hajara ce ke riƙe da alƙalami, ita ma yanzu ta aurar da 'ya, babu abin da zan faɗa da zai fi ƙarfin kunnenta. In kun ga zance ya yanke a wani wuri, kuka ne ya tare ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinku, amma kewarsa ba ta tsufa tare da ni ba, kullum sabuwa take wayar gari.

Kun san labarin ragon suna. Babu wadda a cikinku ba ta taɓa ba da shi a gidan biki ba, ana tafawa, ana cewa Baba mutum ne mai sauƙin ruɗi, ya yi kiwon rago shekara biyu saboda ɗan da babu shi. Ni ma na sha taya ku dariya, don labarin da ban dariya. Sai dai rabinsa kuka sani. Ɗaya rabin yana wurina, kuma ba na so a binne ni da shi.

A lokacin muna zaune a tsohon gidanmu na gindin duwatsu a nan Dutse, Nasara ba su daɗe da zuwa ƙasar ba. Mu ba ma ganinsu, sai dai labarinsu, sai kuma sababbin kuɗin ƙarfe masu huda da suka fara korar kuɗin wuri daga kasuwa. Mahaifinku yana noma gero da dawa kamar kowa, amma da dabino aka san shi. Yana da itatuwa a kwari da ya gada wurin mahaifinsa, shi ke hawa ya yi musu barbara da furen namijin dabino, shi ke hawa ya yanko in sun nuna. Ku uku Allah ya bar mana, duk mata. Maza biyu na haifa, kowanne ya koma kafin yaye. Bai taɓa yi mini gori ba ko da ido, amma na sha ganinsa in ya sauko daga itace yana naɗe igiyar hawa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama, na kuma san abin da yake tambayar kansa. Mutum ne mara magana. Mun yi shekara talatin tare, amma in aka tara hirarmu ba za ta cika ƙwarya ɗaya ba. Na kawo tuwo ya ce madalla, ya fita ya ce sai na dawo, shi ke nan.

To, a shekarar da nake ba ku labari, manyan biyu suna ɗakin mazajensu, Talatu kaɗai ta rage a gabana. Sai al'adata ta fara yi mini wasa. Ta zo wata ɗaya, ta ɓuya wata biyu, ta leƙo kwana biyu ta koma. Da aka gama girbi sai ta ɗauke gaba ɗaya. Ga wani zafi da ke taso mini daga ƙirji ya hau fuska, ko da sanyin safiya ne, zufa ta jiƙa mini kallabi kamar na sauke tukunyar tuwon biki. Ana cikin haka wata rana ina tankaɗe sai cinyata ta kama ƙaiƙayi. Na sosa. Wurin ya tashi rudu-rudu, faffaɗa, kamar an manna mini waina a ƙarƙashin fata. Kafin azahar ya bi bayana da wuyana, leɓena na sama ya kumbura har Talatu ta gan ni ta ruga bayan rumbu tana dariya. Kafin la'asar ya ɓace kamar ba a yi ba. Washegari ya fito a wani wurin.

Borin jini ne, kowa ya san shi, amma kowa da dalilinsa. Wata ta ce busasshen kifi ne, na daina ci. Wata ta ce gyaɗa ce, na daina. Maƙwabciyarmu ta rantse kuɗin Nasara ne da nake ƙullewa a bakin zane, wai ƙarfensu ba ya shiri da jinin Musulmi, na koma ajiye su a cikin tukunya ina ɗauka da ludayi. Bori bai fasa ba. Da abin ya ishe ni na aika aka kira Iya Ta-Sallah, ungozomar unguwarmu, wadda ta yanke cibiyarku duka. Ta zo ta zaunar da ni a ɗaki, ta dudduba, ta lallatsa.

"Wata nawa rabonki da fashin salla?"

"Huɗu, Iya."

"Kina jin zafi yana taso miki? Ranki yana ɓaci ba dalili?"

"Ƙwarai kuwa. Jiya ma kaza na zaga."

Ta tafa hannu. "To ai ciki ne, 'yar nan."

"Haba Iya, ni da nake da jikoki?"

"Jika ya taɓa toshe wa kakarsa haihuwa? Wannan borin da kike gani jinin ɗan ne yake gauraya da naki. Kuma namiji ne. Mace ba ta da zafin jini haka."

Wallahi na yarda. Ba don wauta ba, don ina so ne. Da yamma na gaya wa mahaifinku ina kallon ƙasa. Ya tashi ya fita. Ranar kasuwa sai ga shi da ɗan rago fari mai baƙin kunne, ya kafa masa turke a inuwar ɗakina.

Daga ranar na sami sabon miji. Ya hana ni daka, ya hana ni zuwa rijiya, shi da kansa yake ɗebo ruwa da sassafe, maza suna yi masa tsiya yana wucewa. In borin ya taso mini a tsakiyar baya, inda hannuna ba ya kai, sai ya jiƙa farar ƙasa a kasko ya tura Talatu aike, ya zauna yana shafa mini. A wurin shafar nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin ranar da ya fara hawa dabino ya kasa saukowa, sai da mahaifinsa ya hau ya ɗauko shi a wuya. Ya gaya mini wai tun kafin a ba shi ni yake zagayawa ta bayan dangarmu yana tari don in leƙo. Na ce ai na ɗauka tarin gaske ne, har tausayinsa nake ji. Ya yi dariya har ya kifar da kaskon. Shekara talatin ban san haƙoransa na ciki ba sai a wannan shekarar. Azumi ya zo, mahaifinku ya ce ba zan yi ba, mai ciki da rashin lafiya Allah ya ɗauke mata, na rama daga baya. Na sha ruwana da zuciya ɗaya.

Wata tara ya cika, ciki bai wuce na wanda ya ƙoshi da fura ba. Aka sake kiran Iya Ta-Sallah. Ta latsa, ta kara kunne, ta ce ciki ya kwanta. Ku na yanzu kuna murmushi, amma a lokacinmu ko alƙali ya san da kwantaccen ciki, ɗa yana iya barci a cikin uwarsa shekara biyu, uku, har fiye, sannan ya tashi a haife shi. Ta ce muddin borin yana fitowa, ɗan yana nan da rai. Shi ya sa duk safiyar da na tashi jikina rudu-rudu ina susa kamar mai ƙwarƙwata, mahaifinku murna yake yi. Ya karɓo rubutu wurin malamai na sha, ya kawo saiwoyi aka dafa. In zai tafi kwari sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce wa cikina, "Malam, a tashi haka nan, rana ta yi, itatuwa suna jira." Har da aka zo rubuta mutanen kowane gida bisa umarnin Nasara, kowa yana ɓoye nasa, shi kuwa ya ce wa malamin dagaci ya ƙara mutum ɗaya, yana hanya. Malamin ya ce ba a rubuta wanda bai iso ba. Daga nan duk gari ya ji.

Shi kuwa rago ya samu duniya. Dusa, harawa, ɓarzajjen dabino, har kunu in ya ragu. Ya yi ƙiba, ya yi ƙaho, ya raina kowa. Babbar Salla ta zo aka ce a yanka shi a sayi wani, mahaifinku ya ce wannan da mai shi. Wata rana Iya Ta-Sallah ta sunkuya tana gyara takalmi a tsakar gida, ragon ya tsinke igiya ya ɗauke ta ta baya sai cikin kwandon gero. Ta tashi tana kakkaɓe zane tana cewa ba ta ƙara shigowa gidan nan sai ran suna, kuma ita za a ba wa kansa.

Bayan wannan Sallar da kwana kaɗan Yaya Abu, yayar mahaifinku da ke aure a Aujara, ta zo ganin gida. Mace ce mai baki, ba ta tauna magana. Ta same ni da hantsi na jingina da jikin rumbu ina goga bayana kamar akuya. Ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta ja ni ɗaki, ta ce in kwanta. Ta danna cikina da hannu biyu har sai da na ce wash. Ta tambaye ni yadda abin ya fara, na faɗa mata duka, wasan da al'ada ta yi, zafin, zufar, borin. Sai ta zauna daɓas a kan tabarma ta kama dariya har hawaye.

"Amaryar ƙanena, babu kowa a nan sai tuwon jiya."

"Yaya, Iya Ta-Sallah ta ce..."

"Ta-Sallah ko ciwon haƙori kika kai mata ciki za ta ce. Girma ne ya zo miki. Jinin ya tafi ke nan, ba zai dawo ba."

"To borin fa? Ta ce jinin ɗan ne."

"Ɗan wa? Ni ma na yi shi, shekara uku ina susa, mijina yana cewa na zama biri. Innarmu ma ta yi. Ba kowace mace yake kamawa ba, maƙwabciyata tata ta ɗauke ko ƙurji ba ta gani ba. Amma ni dai tare suka zo mini da zafin nan, tare kuma suka tafi. Ko jinin da ya saba fita ne yake neman hanya ta fata, ko jikin ne ya rikice don an canza masa abin da ya saba, Allah ne masani. Ki ci kifinki, ki ci gyaɗarki, ba su da laifi."

Tana faɗa na san gaskiya ce. Na haihu sau biyar, na san yadda ɗa yake zama a ciki, ko mai barci ne yana da nauyi. Kuma maganarta ta tabbata, bayan shekara uku zafin ya lafa, borin ya bi shi, ban sake ganinsa ba. Ke Hajara ki ajiye wannan a ranki, lokacinki ya kusa. Na yi kuka a ranar, Yaya Abu ta bar dariya ta riƙe ni. Da za ta tafi ta ce, "Ni ba zan gaya masa ba. Bakin da ya ba shi albishir shi zai karɓe abinsa. Amma kada ki daɗe."

Na daɗe. Wannan shi ne rabin da ba ku sani ba. Wata takwas na yi ina sane, na yi shiru. Kullum in ce gobe. In na shirya magana sai in ji shi yana shigowa da tulu yana waƙa ƙasa-ƙasa, mutumin da ban taɓa jin waƙarsa ba, sai maganar ta koma. Ina tausayinsa, wannan gaskiya ne. Amma kada in yi wa kaina ado, har da son kai. Ina tsoron ranar da ya san babu ɗa, hirar nan za ta ƙare, in koma matar da ake ce wa madalla. Na ci gaba da shan rubutun tayar da ciki ina sane babu abin da zai tashi. Ya ci gaba da gaishe da cikina da safe, ni kuma ina murmushi.

Azumi ne ya kama ni. Watan Sha'aban ya yi nisa, sai ya ce mini bana ma ba zan yi ba, kada yunwa ta ƙara kwantar da yaron. Na bara na sha da zuciya ɗaya. Na bana in na sha, da gangan na sha, kuma ba mahaifinku zan yi wa ƙarya ba wannan karon. Na kwana uku ina juya abin. Ana saura kwana shida a ga wata, na dama fura na ɗora a ka, na bi hanyar kwari da rana tsaka.

Na same shi a can ƙololuwar wani dogon itace. Ya hango ni ya ɗaga murya.

"Wa ya ce ki ɗauko kaya? Ina Talatu? Tsaya nan, ga ni nan saukowa."

"Kada ka sauko, Malam. Zauna inda kake. In ka sauko ba zan iya faɗa ba."

Ya tsaya. Na ajiye ƙwaryar, na matsa na dafa gindin dabinon, shi na yi wa magana, ban ɗaga kai ba. Na ce babu ciki. Na ce ba a taɓa yin sa ba, haihuwa ce ta ƙare mini, borin ma na girma ne. Na ce zan yi azumi. Ina jiran magana, ba abin da nake ji sai ganye yana motsi a sama. Ya daɗe a can, har inuwa ta matsa daga inda nake tsaye. Sannan ya sauko a hankali, ya kwance igiya, ya zauna ya sha furar nan tas.

"Tun yaushe kika sani?"

Da na ce jiya, da ya yarda. Na ce, "Tun zuwan Yaya."

Ya lissafa da yatsunsa, ya kalli yatsun. Ya miƙo mini ƙwarya ya ce, "Madalla."

Kwana uku bai ce mini komai ba. Yana fita yana dawowa, yana ba rago dusa, amma ba ya tsayawa bakin ƙofata. Borin ya taso mini a ranakun nan fiye da kullum, har idona ya rufe, na zauna a ɗaki ina cewa abin da na ji tsoro ya same ni, kuma ni na saya da hannuna. Ga wani tsoron. Gari duka ya san da cikin nan. In aka ji na sani na yi shiru, na bar miji yana ɗebo mini ruwa, matan rijiya ba za su bar ni ba har in mutu. Tsohuwa mai cikin ƙarya. Kuma Talatu ba ta yi aure ba, sunan uwa yana bin 'ya har ɗakin miji.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci maza suka taru a ƙofar gidanmu kamar yadda suka saba, Wanzam Ɗanjuma yana yi musu askin shiga azumi. Abokin wasan mahaifinku ne, bakinsa ya fi askarsa kaifi. Ina bayan zana ina tsince wake, ina jin komai.

"Malam, yaron nan naka har yanzu bai gaji da barci ba? Ko sai an kira masu ganga?"

Aka yi dariya. Sai na ji muryar mahaifinku, a sake, kamar yana faɗar farashin gero.

"Babu yaro, Wanzam. Girma ne ya zo mata, shi ya kawo borin. Tun bayan Babbar Salla ta gaya mini, yayata ma ta gaya mini, ni na ƙi ji. Na ce mata ba su san komai ba. Baiwar Allah har ta gaji da faɗa ta ƙyale ni."

Wurin ya fashe da dariya. Wani yana cewa a taimake shi cikinsa zai ƙulle. Wanzam ya ajiye aska don kada ya yanka mutum.

"Wato kai ne mai cikin, ba ita ba! Shekara biyu kana gaishe da tuwo! Jama'a, ga Baban Kwantacce!"

Mahaifinku ya taya su dariya. Ya ce ragon kuma ran Salla kowa ya zo da akushinsa, a kai wa Iya Ta-Sallah kai da ƙafafu, ta ci ta huce.

Da suka watse ya shigo. Ina nan zaune, waken ya jiƙe da hawaye. Ya tsaya a kaina yana shafa sabon askinsa.

"Malam, ka yi ƙarya a bainar jama'a, ga azumi jibi ko gata."

"Ke kin yi ta wata takwas, ni ta yini ɗaya. Sai mu haɗa mu nemi gafara tare, wata mai kyau ne."

"Za su mai da kai abin dariya."

Ya zauna a kan turmi, ya jawo faifan waken gabansa ya fara taya ni tsincewa. "Na yi fushi, kada ki ce ban yi ba. Na yi kwana uku ina neman abin da aka cuce ni, na ga yaron dai dama babu shi, ba ke kika ɗauke shi ba. Ruwan da na ɗebo kuwa ni ma na sha." Ya jefar da wata tsakuwa. "Dariyar maza ba ta da nisa. Kafin Salla sun manta."

A nan kaɗai lissafinsa bai yi daidai ba. Ba su manta ba. Kusan shekara talatin ya ƙara a duniya, hirarmu ba ta sake yankewa ba, sunan nan kuma bai sake shi ba. A kasuwa, a masallaci, a bakin yaran da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. In an kira yana amsawa da fara'a, har ya ɗaga hannu. Sau da yawa ina tsaye kusa da shi ake kiran. Ko sau ɗaya bai juyo ya dube ni ba.